Hukuncin Kashe Rina da Ƙone Sheƙarta a Cikin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni magidanci ne a Daura. Rina ta yi sheƙa a ƙarƙashin rumfar da ke tsakar gidana, dab da rumbun gero mai jinka, kuma sau biyu tana harbin ƙaramin yarona. Maƙwabta sun ce in jiƙa tsumma da fetur, in ɗaura a gora in cinna mata wuta da dare. Wani kuma ya ce ya taɓa jin an hana kashe irin waɗannan ƙwari. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba yaro lafiya. Kashe rinar da ke cutar da iyalinka ya halatta, babu laifi a kanka. Wutar ce za ka bari. Amma kafin komai ka tabbatar abin da ke rumfar rina ce, domin mutane kan haɗa halittu uku a suna ɗaya alhali hukuncinsu ya bambanta.

Rina doguwa ce mai siririn ƙugu, tana tauna itace da zaren tsiro ta gina sheƙa mai kama da takarda, ramukanta a buɗe, rataye da ɗan siririn mariƙi. Zanzaro shi ne mai ɗebo laka ya gina ɗan ɗaki a jikin bango ko bayan ƙofa. Shi kaɗai yake rayuwa, ba ya tsaron gidansa, kuma da wuya ya harbi wanda bai matse shi ba. Gizo-gizo ko tsutsa yake kamawa ya ajiye wa 'ya'yansa. Shi babu dalilin bi shi da kisa, in ginin ya ɓata maka bango ka kankare. Na uku ƙudan zuma, kuma kansa hanin da aka faɗa maka ya zo: Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu da Larabawa ke kira surad. Rina ba ta cikinsu.

Dalilin halacci shi ne hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim, na halittu biyar da ake kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Abin da ya haɗa su cutarwa ce, don haka malamai suka riskar da rina ga kunama. An ruwaito cewa Imam Shafi'i ya taɓa cewa a Makka a tambaye shi komai zai amsa daga Littafin Allah, sai aka tambaye shi mai harama ya kashe rina. Ya karanta ayar Suratul Hashri da ta ce abin da Manzo ya zo muku da shi ku riƙe shi, ya kawo hadisin koyi da Abubakar da Umar, sannan ya kawo cewa Umar ya yi umarni a kashe ta. To, in mai harama ya samu wannan izini, ina ga uba da ɗansa ke kuka a tsakar gida? Sheƙar da take can nesa a bishiyar gona, ba kan hanyar kowa ba, a ƙyale ta ya fi, don rina tana cin tsutsar da ke ɓarnar wake da ganye.

Sai maganar wuta. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ƙone gidan tururuwa, da Annabi (SAW) ya gani sai ya ce bai kamata kowa ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. A mazhabarmu, Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa makaruhi ne kashe kwarkwata da ƙuma da wuta. Wasu malamai sun kai abin ga haramci, sun sassauta ne kawai idan babu wata hanyar tunkuɗe cutar. Kai kuwa hanyoyi suna gabanka, saboda haka lalurar ba ta same ka ba. Ko da babu wannan hadisi, rumfa da jinka da zana abinci ne ga wuta, tururin fetur kuma yana kamawa tun kafin ashana ta kai ga tsumma. Malamanmu sun ce wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani, shi zai biya. Ka auna hatsin shekara, naka da na maƙwabcinka, da sheƙar da ba ta fi tafin hannu ba. Su masu ba da shawarar, ba su ne za su cika maka rumbu ba.

Ga yadda ake yi. Ka bari sai dare ya yi nisa ko kafin asuba, lokacin duk sun dawo sun lafa a kan sheƙa. Da rana wasu suna waje kiwo, za su dawo su sake gini a gurbin. A shigar da yara ɗaki a rufe, a janye dabbobin da ke ɗaure kusa, domin akuyar da ke turke ba ta da wajen gudu. Ka sa riga mai kauri mai dogon hannu, wando a cusa cikin safa, takalmi rufaffe, ka naɗe kai da wuya, ka kare ido. Babbar riga ba ta wannan aiki, rina na shiga ta ƙasa ta rasa mafita. Tocila kuma kada ka riƙe ta a hannu, ajiye ta gefe guda tana hasko wajen, don haske suke bi in sun tashi.

Ka dama babban cokali 2 zuwa 3 na sabulun wanke-wanke na ruwa a lita 1 ta ruwa, ka zuba a famfon feshi mai tsabta. Ruwan sabulu yana jiƙa fikafikansu ya toshe ƙananan ƙofofin da suke numfashi da su a gefen jiki, sai su zubo. Sharaɗin shi ne ka jiƙe sheƙar sharkaf a karo ɗaya, yayyafi kaɗan tunzura su kawai yake yi. Maganin ƙwari na gwangwani ma yana yi, muddin babu fitilar kananzir ko murhu a kusa. Fiya-fiya kuwa ban yarda a kusanto da ita rumbun abinci ko ɗakin kwana ba, guba ce ga mutum kamar yadda take ga ƙwaro. Ka tsaya da ƙafarka a ƙasa, ka san ta inda za ka ja da baya. Hawa tsani da dare shi ne inda ake karaya: harbi ɗaya, mutum ya saki hannu.

Da safe ka duba. In babu motsi, ka tsinke sheƙar da gora, ka sa a leda ka ƙulle ka binne, ka kankare mariƙin ka wanke gurbin da sabulu. Ka riƙa leƙa ƙarƙashin rumfa da azara duk mako, domin sheƙar da ke da rami biyar da rina ɗaya ko biyu tsintsiya ma ta ishe ta. Gaggawar gamawa ita ma addini ce, hadisin Shaddad ɗan Aus a Muslim ya ce in za ku kashe ku kyautata kisan. Kada a bar yara suna cire musu fiffike ko ɗaure su da zare suna wasa.

In ka ga suna shiga wani rami a silin ko tsagar bango, kada ka toshe ramin suna ciki, za su nemi mafita ta cikin ɗaki. Wannan aikin masu feshi ne. In kuma zuma ce, ka nemo masu amya su kwashe ta da hayaƙi, hayaƙin da ake lafar da ita da shi ba ƙonewa ba ne. Tarin zumar da ya sauka a reshe galibi hutawa yake, yakan tashi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Sai in kwashewa ta gagara kuma ana tsoron rai, sannan kisanta ya halatta bisa lalura.

Game da harbin: rina ba ta barin ƙarinta a jiki, shi ya sa take iya maimaitawa, zuma ce ke bari, sai a kankare shi da farce nan take. A wanke wajen da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle kamar minti 10, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi. In aka ga borin jini ya bazu, ko leɓe da harshe sun kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ko jiri da suma, ko harbin a cikin baki ne, ko sun yi wa yaro taron dangi, a tafi asibiti mafi kusa a lokacin, ana addu'a ana tafiya, don akwai allurar adirenalin da ake yi wa mai wannan hali kuma mintuna ne ke tsakani. Wanda ya taɓa yin irin wannan bayan harbi, bai halatta ya yi aikin cire sheƙa da kansa ba, ya wakilta wani. Wallahu a'alam.