Koriya ta Arewa: Ta yaya ƙasar da talakanta bai san intanet ba ta gagari duniya a fagen kutse?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum muna jin cewa talakan Koriya ta Arewa bai san intanet ba, wutar lantarki ma ba ta ishe su ba. Sai kuma ga labari wai masu kutsenta sun sace dala biliyan ɗaya da rabi a rana ɗaya. Anya wannan ba farfagandar Amurka ba ce? In kuwa gaskiya ne, ta yaya suka iya, kuma me ya hana a rama? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Shakkun da ka yi yana da gurbi, domin wanda ya tuna yadda aka shiga Iraƙi a 2003 da zancen makaman da ba a taɓa gani ba, dole ya yi taka-tsantsan da duk zargin da ya fito daga Washington. Ita ma gwamnatin Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa, tana musanta komai, tana cewa ƙage ne. To amma a wannan batu ba bakin Amurka kaɗai ake ji ba. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda har da 'yan Chaina da Rasha a cikinsa, ya ba da rahoto a 2024 cewa yana binciken hare-hare 58 da ake zargin Koriya ta Arewa ta kai wa kamfanonin kuɗin kirifto tsakanin 2017 da 2023, da darajarsu ta kai wajen dala biliyan 3. Kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky na Rasha, wanda ba wanda zai ce ɗan koren Amurka ne, shi ma ya daɗe yana bin sawun gungun masu kutsen da ake kira Lazarus, har ya taɓa gano wata alaƙa da ta koma adireshin intanet na Koriya ta Arewa. Ni dai na gamsu cewa su ne.

Abin da ke ɗaure maka kai, wato talauci da rashin intanet, shi ne ma tushen ƙarfinsu. Kutse ba ya buƙatar a wadata miliyoyin jama'a da waya da kwamfuta. Mutum dubu kaɗan masu kaifin ƙwaƙwalwa sun isa. Gwamnati tana tsamo yara masu hazaƙar lissafi tun suna ƙanana, ta bi da su ta makarantu na musamman har zuwa Jami'ar Kim Il Sung ko Jami'ar Fasaha ta Kim Chaek, daga nan a miƙa su ga babbar hukumar leƙen asirin soja. Ma'aikatar tsaron Koriya ta Kudu ta taɓa ƙiyasta yawansu da wajen 6,800. Da yawansu ma ba a gida suke aiki ba. Park Jin Hyok, wanda Amurka ta tuhuma a 2018, takardar tuhumar ta nuna ya yi shekaru a birnin Dalian na Chaina a ƙarƙashin wani kamfani mai suna Chosun Expo. Jirgin yaƙi na zamani guda ɗaya ya kan ci dala miliyan tamanin ko fiye, ga mai, ga kayan gyara, ga horar da matuƙi. Da irin wannan kuɗi za ka ciyar da rundunar masu kutse shekara da shekaru, kuma shi jirgi ba ya dawo maka da ko sisi, su kuwa suna dawowa da riba.

Da farko aikin nasu na fushi ne da tsoratarwa. A Maris 2013 sun goge kwamfutoci dubbai a bankuna da gidajen talabijin na Koriya ta Kudu, irin su Shinhan da KBS da MBC. A ƙarshen 2014 suka faɗa wa kamfanin Sony Pictures saboda wani fim da ya yi wa Kim Jong Un ba'a. A 2016 suka shiga rumbun bayanan ma'aikatar tsaron Kudu, kuma kamar yadda wani ɗan majalisar ƙasar ya fallasa a 2017, sun kwashe takardun sirri har da tsarin yaƙin haɗin gwiwa da Amurka, wanda ya ƙunshi yadda za a kawar da shugabannin Arewa in yaƙi ya ɓarke. Wannan aikin leƙen asiri ne da kowace babbar ƙasa ke yi. Inda suka fita daban shi ne lokacin da gwamnati sukutum ta koma fashin banki.

Dalilin kuwa takunkumi ne. Bayan gwaje-gwajen nukiliya da na makamai masu linzami, musamman a 2017, Kwamitin Sulhu ya toshe kusan duk wata kafa da ƙasar ke samun kuɗin waje: kwal, ƙarfe, kifi, tufafi. Aka ƙayyade tataccen man da za a sayar mata zuwa ganga 500,000 a shekara, aka kuma ce a mayar mata da leburorinta da ke aiki a ƙasashen waje. Ƙasar da ke son ƙera makamai masu linzami tana buƙatar dala, kuma dala tana kwance a cikin kwamfutocin wasu.

Fashin Babban Bankin Bangladesh a Fabrairu 2016 ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne za ka ga irin tunaninsu. Sun daɗe a cikin kwamfutocin bankin suna kallon yadda ma'aikata ke aiki, ba su taɓa komai ba. Sai a daren Alhamis suka aika umarni 35 ta hanyar SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna umarnin biyan kuɗi, zuwa reshen New York na babban bankin Amurka, inda Bangladesh ke ajiye kuɗinta, suna neman a fitar da kusan dala biliyan ɗaya. Duba lissafin ranakun. Juma'a hutu ce a Dhaka, babban birnin Bangladesh. Kafin ma'aikata su farga ranar Asabar, New York ta tafi nata hutun. Ranar Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Chaina ne a Filifin, inda aka tura kuɗin. Sun kuma lalata na'urar da ke buga takardar shaidar kowace hulɗa, sai ma'aikata suka ɗauka matsalar firinta ce kawai. Umarni biyar ne suka wuce. An dawo da dala miliyan 20 da aka tura Sri Lanka, amma miliyan 81 sun shiga wani banki a Manila, suka narke a gidajen caca, kuma kaɗan ne aka iya ƙwatowa. Gwamnan bankin, Atiur Rahman, ya ajiye aiki. Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne, kuɗin talakawan wata matalauciyar ƙasa ne, ba na wata daula mai girman kai ba. Masu yaba wa Pyongyang don ta tsaya wa Amurka ido da ido su riƙa tunawa da wannan.

Daga baya suka gane kirifto ya fi banki sauƙi, don babu wani babban banki da zai buga waya ya ce a dakatar da kuɗi. A Maris 2022 suka kwashe sama da dala miliyan 600 daga Ronin, hanyar kuɗin wasan Axie Infinity. Sai wanda ka ji labarinsa: ranar 21 ga Fabrairu 2025, kusan dala biliyan 1.5 na kuɗin kirifto mai suna Ethereum daga kamfanin Bybit da ke Dubai, kuma cikin 'yan kwanaki FBI ta ce su ne. Yadda suka yi shi ne abin lura. Ba su fasa ma'ajin Bybit kai tsaye ba. Sun bi ta kwamfutar wani ma'aikacin kamfanin da ke samar wa Bybit manhajar ajiya, suka sauya abin da ke bayyana a allo, shugabannin kamfanin suka sa hannu suna ganin hulɗa ce ta yau da kullum. Mafi yawan nasararsu haka take, ta hanyar ɗan Adam: tayin aiki na ƙarya a LinkedIn, takardar kwamfuta mai ɗauke da muguwar manhaja, ko kuma ɗan Koriya ta Arewa ya nemi aikin kwamfuta daga nesa da sunan bogi, a ɗauke shi, yana karɓar albashi yana leƙen cikin gida. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari; kamfanoni da yawa sun tara dukiyar jama'a ba su tanadi tsaron da ya dace da ita ba.

Kada kuma ka ɗauka abin ya yi mana nisa. Rahoton kwamitin ƙwararrun na 2019 ya ambaci Najeriya da Gambiya da Laberiya cikin ƙasashen da aka kai wa irin waɗannan hare-hare. Sannan ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce Ramon Abbas, wato Hushpuppi, yana cikin waɗanda aka haɗa baki da su don wanke kuɗin da masu kutsen Koriya ta Arewa suka sata daga wani banki a Malta a Fabrairu 2019. An yanke masa ɗaurin sama da shekara 11 a 2022. Ɓarawon da ke Pyongyang ba zai iya zuwa banki ya ciri kuɗi ba, dole sai da 'yan kore a waje, kuma duk matashin da aka ce ya ba da aron asusunsa ko jakar kiriftonsa a ba shi kaso, ya sani bai san kuɗin wa zai bi ta hannunsa ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce zuciyar maganar: me ya hana a rama?

A rama a kan me? Koriya ta Kudu da Japan da Amurka komai nasu yana rataye da intanet: banki, asibiti, jirgin ƙasa, wutar lantarki. A Arewa kuwa talaka yana da wata hanyar sadarwa ta cikin gida ne kawai mai suna Kwangmyong, wadda ba ta haɗe da duniya. A Disamba 2014, bayan harin Sony, intanet ɗin ƙasar ya ɗauke gaba ɗaya na wasu sa'o'i. Rayuwa ba ta tsaya ba, mafi yawan jama'a ma ba su san an yi ba. Takunkumi kuma an riga an ƙaƙaba kusan duk wanda za a iya. Tuhuma a kotu? Amurka ta tuhumi jami'ai uku a 2021 da yunƙurin satar sama da dala biliyan 1.3, amma ba wanda zai je Pyongyang ya kamo su.

Ya rage ƙarfin soja, a nan kuma taswira ce ke magana. Yaƙin 1950 zuwa 1953 da tsagaita wuta ya ƙare, ba a taɓa sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba. Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, tana da tazarar kilomita 50 kacal daga kan iyaka, kuma kusan rabin mutanen Koriya ta Kudu miliyan 51 a birnin da kewayensa suke zaune. Arewa ta jibge manyan bindigogi a cikin duwatsun da ke kallon wannan yanki tun kafin ta mallaki nukiliya. Ga sojojin Amurka wajen 28,500 a Kudu. Babu shugaban da zai jefa waɗannan rayuka cikin haɗari don an sace kuɗin wani kamfanin kirifto. Saboda haka abin ya zama zagaye: nukiliya tana kare masu kutse daga ramuwa, masu kutse kuma suna ciyar da nukiliya. Wata babbar jami'ar fadar White House, Anne Neuberger, ta ce a 2023 kusan rabin kuɗin shirin makamai masu linzami na ƙasar daga kutse da satar kirifto yake fitowa. Ko da an ce ta zuzuta, kashi ɗaya cikin huɗu ma babban abu ne.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa wata rana Pyongyang za ta kashe wutar Seoul ko Tokyo haka kawai. In yaƙi ya ɓarke, tabbas za su yi amfani da kutse don rikita sadarwa da jigilar sojoji a sa'o'in farko, kamar yadda suke dagula siginar GPS a kusa da Incheon lokaci zuwa lokaci. Amma a lokacin da babu yaƙi, sun ƙware wajen tsayawa daf da layin da in aka tsallake shi za a mayar da martani da wuta. Sau ɗaya abin ya kusa kuɓuce musu, a Mayu 2017, lokacin da WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle kwamfuta sai an biya fansa, ta bazu a ƙasashe 150 ta gurgunta asibitocin Ingila, ta kuma shafi Chaina da Rasha sosai. Kuɗin da aka samu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ɓarnar, kuma ba a sake ganin sun saki irin wannan guguwa ba.

Sai maƙwabta. Chaina ba ta jin daɗin nukiliyar Kim, amma ta fi tsoron rushewar gwamnatinsa: 'yan gudun hijira su kwararo ta iyaka mai tsawon kilomita 1,400, sojojin ƙawayen Amurka kuma su iso bakin kogin Yalu. Sama da kashi 90 cikin 100 na cinikin waje na Arewa da Chaina ake yi, kuma dillalan da ke mayar da kirifton sata ya zama tsabar kuɗi da yawansu a can da kudu maso gabashin Asiya suke. Rasha kuwa ta wuce kau da kai. A Maris 2024 ta hau kujerar naƙi ta kashe kwamitin ƙwararrun nan da na ambata tun farko, Chaina ta ƙaurace wa ƙuri'ar. A Yuni na shekarar Putin ya je Pyongyang aka sa hannu kan yarjejeniyar kare juna, kafin shekara ta ƙare sojojin Koriya ta Arewa suna taya Rasha yaƙi da Ukraine a yankin Kursk na Rasha.

A Oktoba 2024 ƙasashe 11, ciki har da Amurka da Japan da Koriya ta Kudu, sun kafa wata tawagar sa ido a madadin kwamitin da aka rushe. Tana fitar da rahoto, amma ba Chaina ba Rasha a ciki, don haka kowa na iya cewa bakin ɓangare ɗaya ne, irin shakkun da kai ma ka zo da shi. A ganina wannan rashi ya fi satar Bybit illa, domin kuɗin da aka sace ana iya bin sawunsa a kan rajistar kirifto shekara da shekaru, har a daskarar da wani ɓangare, amma tun Afrilun 2024 babu sauran wata hukuma da manyan ƙasashe biyar suka amince da ita da za ta tashi ta ce ga wanda ya yi satar.