Sayayya a kamfani ko ofishin kwangilar gwamnati?

Ƙanena, ka ce wani kamfani a Garwa, Kamaru, ya kira ka sashen sayayya, a gida kuma sun fi son ka jira jarrabawar shiga aikin gwamnati, kana neman sanin wanne ya fi. Sunan aikin ɗaya ne, amma abin da ake kama mutum da shi ya bambanta.

A gwamnati takarda ce ke tsare ka, ita ce kuma ke ɗaure ka. Dokar kwangila ta 20 ga Yuni 2018 ta yanka iyaka: ƙasa da sefa miliyan 5 takardar oda ta isa, daga 5 zuwa ƙasa da 50 ƙaramar kwangila, daga 50 zuwa sama cikakkiyar kwangila. Ba kai ke zaɓen mai kaya ba, kwamiti ne ke buɗe ambulan, hukumar kula da kwangilolin gwamnati (ARMP) da ma'aikatar kwangilolin gwamnati (MINMAP) na sa ido. Inda sababbi ke faɗawa shi ne maigida ya ce a raba sayayyar miliyan 12 gida uku don kowace ta zauna ƙasa da 5. Doka ta hana, kuma ranar bincike sa hannunka za a gani, ba bakinsa ba. Haka nan kada ka sa hannu a takardar karɓar kaya kafin ka ƙirga kwalaye da idonka.

A kamfani kuwa, inji ya tsaya saboda bel ɗaya, kai za a kira. Ka nemi farashi wurin mutum uku, ka duba ko kowa ya sa TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, ta kashi 19.25, don wani yakan cire ta ya zama kamar ya fi araha. Sai ka lissafa hanya. Kaya daga Duwala jirgin ƙasa a Ngaundare yake sauke su, sauran tafiya ta mota ce, da damina kuma sai yadda hali ya yi. Sau da yawa ɗan kasuwar Garwa mai ɗan tsada da zai kawo gobe ya fi na Duwala mai araha.

Gwamnati akwai kwanciyar hankali da fansho, sai dai ciniki ba a can ake koyonsa ba. A ganina ka karɓi na kamfanin, ka rubuta jarrabawar kana aiki kafin shekarunka su wuce iyaka. Amma tun watan farko ka tambayi lambarka ta CNPS, asusun fanshon ma'aikatan kamfanoni, kada a bar ka da "za mu yi".