Ƙarin seleniyam a abincin kaji: yana ƙara yawan ƙwai kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon kajin ƙwai, kuma da kaina nake haɗa musu abinci. An ce mini in na ƙara musu sinadarin seleniyam za su ƙara yin ƙwai, ɓawon ma ya yi ƙwari. Gaskiya ne? Nawa zan zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a kiwo. Kafin ki sayi komai, ɗauko buhun firimis ɗin da kike haɗa abincin da shi, wato garin nan na haɗin bitamin da sinadarai, ki karanta takardar jikinsa. Galibin firimis na kajin ƙwai da seleniyam a ciki. In naki yana da shi, to kajinki sun riga sun samu rabonsu, kuma ƙari a kan wannan ba ya sa kaza ta ƙara yawan ƙwai. Wadda ƙwanta ke ƙaruwa ita ce wadda dama take fama da ƙarancinsa.

Buƙatar kaza ga seleniyam ba ta taka kara ta karya ba, amma in babu shi jiki ba ya tafiya daidai. Shi da bitamin E suke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. In ya yi ƙaranci, ƙyanƙyasa takan ragu, 'yan tsaki kuma ruwa ya taru musu a ƙarƙashin fata. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ta ƙayyade ƙarin da za a yi kada ya wuce miligiram 0.3 a kilo ɗaya na abinci. Tarayyar Turai kuma ta ce jimillarsa, har da wanda ke cikin hatsin tun daga gona, kada ya haura miligiram 0.5. Ki lura da lissafin: 0.3 a kilo na nufin ƙasa da sulusin giram ɗaya a tan guda cur na abinci.

Inda seleniyam yake nuna kansa sosai shi ne cikin ƙwan. Abin da kaza ta ci yana ratsawa zuwa gare shi, kuma cikin 'yan makonni ake ganin bambanci a awo. Babban ƙwai na yau da kullum yana ɗauke da kimanin maikirogiram 15 (maikirogiram dubu ne miligiram ɗaya), ana kuma iya kai shi kusan ninki biyu. Mutum baligi kuwa, a ma'aunin Amurka, maikirogiram 55 yake buƙata a rana. A nan nau'in da aka ba kazar yake da tasiri. Akwai na gishiri, wato sodiyam selenait, wanda ya fi araha, kuma yawancin abin da ya isa ƙwai daga gare shi a gwaiduwa yake tsayawa. Akwai kuma na yis, wanda seleniyam ɗinsa yake ɗaure a jikin wani tubalin furotin mai kama da metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina furotin da su. Jikin kaza ba ya bambance su, sai ya gina farin ƙwai da shi, shi ya sa ya fi taruwa. In kina da masu sayen irin wannan ƙwai, ko kajinki na ƙyanƙyasa ne, na yis ya cancanci kuɗinsa. In ba haka ba, a ganina na cikin firimis ya wadatar.

Abin da nake roƙon ki shi ne kada ki zuba shi da hannu. Ba cokalin da zai auna wannan ɗan mitsitsin adadi, shebur kuma ba zai gauraya shi ya game abincin ba: wata kaza ta rasa, wata ta ci guba. Tun shekarun 1930 aka gano gubar seleniyam a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, inda ƙasar noma ke cike da seleniyam. Kajin da suka ci hatsin wurin, ƙwansu ya ƙi ƙyanƙyashewa, da aka fasa sai ga 'yan tsaki da nakasa. Da seleniyam ya kai wajen miligiram 5 a kilon abinci, ɓarna ta soma.

Batun ɓawo kuwa, aikin kalsiyam ne. Kaza mai ƙwai tana buƙatar kusan giram 4 a rana, tare da bitamin D3 da fosfaras daidai gwargwado. In ɓawon yana fashewa, duba yawan kalsiyam a haɗinki, da zafin ɗakin, da shekarun kajin, domin tsohuwar kaza ƙwanta yana ƙara girma, ɓawon kuma yana ƙara sirancewa.