Tambaya da Amsa: Wa ke adana tarihin 'yan Norway da suka yi ƙaura zuwa Amurka?

Tambaya: Malam, na ji cewa jikokin 'yan Norway da ke Amurka suna da cikakken tarihin kakanninsu a rubuce. Ta yaya suka adana shi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙaurar ta soma ne a shekarar 1825, lokacin da ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya tashi daga birnin Stavanger na ƙasar Norway zuwa New York, kuma cikin shekara ɗari mutane kusan 800,000 suka bi sahu. Taskar farko ita ce cocin Lutheran, domin limamansa sun riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a manyan littattafai da harshen Norway, sau da yawa har da sunan ƙauyen da mutum ya baro. A ganina, waɗannan littattafai sun fi komai daraja, tunda manomin da bai bar ko wasiƙa ɗaya ba, sunansa na nan a ciki.

Makarantu su ma sun taka rawa. Jami'ar Wisconsin ta kafa sashen nazarin ƙasashen Skandinebiya (yankin da Norway take ciki) a 1875, Kwalejin Luther da ke Decorah a jihar Iowa kuwa ta fara tara kayan tarihi a 1877, waɗanda suka zama gidan tarihi na Vesterheim, inda ake ganin akwatunan katako masu zane da baƙin suka ƙetaro teku da su. A 1925 aka kafa ƙungiyar tarihin Amurkawa 'yan asalin Norway, wato NAHA, a Kwalejin St. Olaf da ke jihar Minnesota, wadda har yau take karɓar wasiƙu da hotuna da takardun ƙungiyoyi daga hannun iyalai.