Wa ke toshe ɓarakar manhajojin da na ɗauko daga waje?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata tana aiki da Ubuntu, kuma duk mako ina sabunta ta da umarnin apt, sai dai akwai manhajoji da dama da na sauke kai tsaye daga shafukan masu su. Shin sabuntawar da nake yi tana haɗawa da su?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba lallai ne ta haɗa da su ba, domin apt ba ya bin duk abin da ke cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, rumbunan manhajojin da aka yi masa rajistarsu kaɗai yake leƙawa. Abin da ya fito daga babban rumbun Ubuntu, wato main, kamfanin Canonical ne ke ɗaukar nauyin gyaran tsaronsa na shekara 5 a fitowar LTS, wato fitowar Ubuntu mai dogon zangon kulawa. Rumbun universe kuwa masu sa kai ne ke kula da shi, sai in ka shiga tsarin Ubuntu Pro, wanda kyauta ne ga mutum a kan kwamfuta har 5, kuma yana kai kulawar shekara 10.

Manhajar waje kuma, yadda ta shigo shi ne zai nuna makomarta. Google Chrome, alal misali, yana ƙara rumbunsa da kansa lokacin girkawa, saboda haka apt yana ganin sa. Amma fayil ɗin deb (fayil ɗin girka manhaja a Ubuntu) da bai zo da rumbu ba, da mafi yawan fayilolin AppImage (manhajar da ake kunnawa daga fayil ɗaya ba tare da girkawa ba), yadda ka ajiye su haka za su zauna ko da an gano ɓaraka goma a cikinsu, har sai ka koma ka sauko da sabo. Akwai kuma wasu hanyoyin girka manhaja, Snap da Flatpak: Snap yana sabunta manhajojinsa da kansa, Flatpak kuma yana da nasa umarnin daban, wato flatpak update.

Abin da ya fi damuna shi ne, irin waɗannan manhajoji sukan zo ɗauke da nasu kwafin ƙananan kayan aikin da suke dogaro da su. Hakan ya fito fili a watan Disambar 2021, lokacin da aka gano mummunar ɓaraka a Log4j, wani ƙaramin kayan aiki da manhajoji da yawa ke dogaro da shi: gyara kwafin da ke cikin tsarin kwamfuta bai wadatar ba, domin kowace manhajar da ta ƙunso nata a ciki sai da ta jira masu ita su fitar da gyara.

Shawarata ita ce ka rubuta sunan kowace manhajar waje da inda ka samo ta, ka goge wadda ba ka amfani da ita, sannan ka riƙa duba sanarwar tsaro ta masu sauran. Ka yi hattara da rumbunan PPA, wato rumbunan waje da mutane ke buɗewa da kansu, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da su, kuma idan ya daina kulawa babu wanda zai sanar da kai. Idan kana amfani da unattended-upgrades, wato tsarin da ke sabunta kwamfuta da kansa, ka sani ba ya taɓa rumbunan waje sai ka ƙara su da hannunka a cikin saitinsa.