Makullin ƙofa mai lambobi marar batir: me ya sa yake buɗewa ko an juya lambar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da ɗakin ajiyar kaya a wurin aikinmu. Mu takwas ne ke shiga, kuma kullum sai wani ya ɓatar da ɗan makulli. Shi ya sa na sayo makullin nan da ake danna lambobi, wanda ba ya amfani da batir. Yana da madannai 14: daga 0 zuwa 9, sai X, Y, Z da C. Kafin in ɗaura shi na gwada a hannu, sai na ga ko na danna lambar daga ƙarshe zuwa farko yana buɗewa. Jabu aka sayar mini? Zan iya ɗaura shi da kaina? Kuma in na ɗaura, zan iya cire tsohon makullin gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba jabu ba ne. Haka ake ƙera irin wannan makulli, kuma in ka gane dalili, sauran tambayoyin naka za su zo da sauƙi.

A bayan kowane madanni akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai tsaga a gefe, yana zaune a kan sifirin. Iri biyu ne. Na farko suna tare hanyar farantin da ke motsa harshen makullin (wato ƙarfen da ke shiga firam ya riƙe ƙofa), ba sa ba shi wuri sai an danna su. Waɗannan su ne lambarka. Na biyu kuwa a sake suka bar hanya, sai an danna su ne suke toshe ta. Duk wanda ka danna zai tsaya a ƙasa har sai ka murɗa mariƙin ko ka danna C. Abin da makullin yake dubawa ke nan a lokacin da ka murɗa: an danna duk na farkon? An bar duk na biyun? Ba shi da wata hanyar sanin wanda ya riga wani. Saboda haka 1357 da 7531 da 3175 duk abu ɗaya ne a wurinsa. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba za ka iya maimaita lamba ba, wato babu 1122, domin madannin da ya riga ya sauka ba ya sake sauka.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne lissafin. Madannai 13 ne ke aiki, tunda C ta gogewa ce kawai. In an haɗa duk tsawon lambar da zai yiwu, ana samun 8,191. Amma in ka zaɓi madannai huɗu kacal, hanyoyin 715 ne, biyar su ba ka 1,287, shida 1,716. In kuma ka guji X da Y da Z, ka tsaya a kan huɗu cikin goma, sun koma 210. Kuma wannan makulli ba ya yin ƙara, ba ya kulle kansa bayan an yi kuskure sau uku kamar na lantarki. Mai haƙuri da ya sami ƙofar babu kowa zai iya bin 210 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Shawarata ka sa shida, ka kuma cusa aƙalla harafi ɗaya a ciki. Wuce bakwai ba ya ƙara komai, raguwa ma lissafin yake yi.

Akwai wani iri dabam, Simplex, mai madannai biyar, wanda shi yana lura da jeri, har ana iya danna biyu a lokaci guda. Hanyoyinsa 1,081 ne. Na ambace shi ne don kada wani ya ce maka nasa ba ya buɗewa in an juya lamba, ka ɗauka naka ne ke da matsala.

Batun ɗaurawa kuwa, in ka taɓa riƙe injin huda katako da kurfi, za ka iya, muddin ƙofar ta katako ce. Ta ƙarfe a bar wa mai sana'ar. Amma kafin ka taɓa ƙofar, canza lambar da ya zo da ita, domin a yawancin masu madannai 14 sai an sauke makullin daga ƙofa ake canza ta. Kifa shi a kan tebur mai faɗi, ka kwance sukurorin farantin baya, ka ɗaga shi a hankali don ƙananan sifirin ɗin da ke manne da shi kada su tarwatse. Za ka ga kawunan ƙarafan nan a jere, galibi masu ja su ne na lamba, masu shuɗi su ne na banza. Danna C ka riƙe ta da yatsa, kada ka saki har ka gama, sannan ka ɗauki hantsakin da ke cikin kwali ka riƙa musanya su: ja ya koma inda kake so, shuɗi ya maye gurbinsa. Kula da yadda tsagar kowanne ta fuskanta kafin ka zare shi, ka mayar haka. Ƙarfen C kuwa ba a zare shi sam. In ka zare ba tare da riƙe C ba, ƙarfen zai iya lanƙwasa abin da ke riƙe da shi a ciki. Ɗauki hoto da waya kafin ka fara, zai yi maka amfani. Ka rufe, ka gwada sabuwar lambar a hannu sau da yawa.

Sai awo. Duba kaurin ƙofar. Yawancinsu an yi su ne don ƙofa mai kaurin milimita 35 zuwa 60 ko ɗan sama da haka. Duba kuma nisan da ke tsakanin bakin ƙofa da tsakiyar ramin sandar murɗawa (sandar da ke haɗa mariƙin waje da na ciki), wanda yakan kasance milimita 60 ko 70, gwargwadon harshen da aka saka maka a kwali. Takardar awon da ta zo da shi ita ce jagorarka: naɗe ta a bakin ƙofa, kimanin mita ɗaya daga ƙasa, a inda ba za ta ci karo da tsohon makulli ba, ka manne ta, ka yi alama da ƙusa a kowane rami. Ramukan fuskar ƙofa ka huda su daga ɓangarori biyu su haɗu a tsakiya. In ka ratsa daga gefe guda, katakon zai fashe a bayan, ramin kuma ya karkace, kuma karkataccen rami shi ne tushen yawancin kukan da ake yi da waɗannan makullai. Ramin harshe a bakin ƙofa yakan zama milimita 25. Sassaƙe wurin farantinsa da kurfi ya zauna daidai da katako, gefen harshen mai gangara yana fuskantar inda ƙofa ke rufewa.

Wuri biyu ne masu ɗaurawa suka fi tuntuɓe. Na farko sandar murɗawa, wato ɗan ƙarfen da ke ratsa harshe ya haɗa mariƙin waje da na ciki. Sukan zo biyu ko uku masu tsawo dabam-dabam. Gajere ba zai kama ba, dogo kuma zai cije in ka ɗaure. Kuma karkatar da za ka ba shi ta danganta da ko ƙofar a dama take rataye ko a hagu, takardar ta nuna hoton kowanne. Alamar ka sa shi ba daidai ba ita ce mariƙin ciki yana buɗewa, na waje kuwa ko da lambar daidai ba ya jan harshe. Na biyu shi ne ɗaure sukurori fiye da kima. Su kama kawai, makullin ya daina motsi. In ka matse su da ƙarfin tsiya, mariƙin zai yi tauri, harshen ya ƙi dawowa da kansa.

Duk gwajin nan ka yi shi ƙofa a buɗe. Kada ka rufe ta sai ka ga lambar daidai tana jan harshe har ƙarshe, ta kuskure ba ta ja, na ciki kuma yana buɗewa ba tare da lamba ba.

Farantin da ke jikin firam yana da nasa sirrin. Kusa da babban harshe za ka ga wani ɗan ƙaramin ƙarfe da shi ma yake shiga yana fita. Shi ba rami zai faɗa ba. Dole ya tsaya a danne a kan farantin in an rufe ƙofa. Dannewar tasa ce ke ƙulle babban harshen, ta hana a tura shi baya da kati ko wuƙa. Mutane da yawa sukan faɗaɗa ramin don ƙofa ta rufu da sauƙi, ƙaramin ya faɗa ciki, su kashe wannan kariyar ba su sani ba.

Wajen amfani, koya wa mutanenka su fara da C kullum, don share abin da wani ya taɓa, su danna kowane madanni har ya yi ƙas, sannan su murɗa ba da ƙarfi ba. In naka yana da ɗan maɓallin ciki da ke riƙe harshe a buɗe lokacin da ake ta shige da fice da kaya, a tabbata ana sakinsa in an tashi. Kada a ɗiga masa man inji ko giris, ƙura za su tara su daskare madannan. Feshin silikon maras maiƙo ya isa. Sannan ka riƙa kallon fuskarsa a cikin haske daga gefe. Bayan watanni, madannan da ake dannawa sukan yi sheƙi, sauran su dushe. A makullin da ke lura da jeri, wanda ya gano lambobi huɗu yana da sauran hanyoyi 24 a gabansa. A naka, ya gama. Don haka a riƙa goge shi, a kuma riƙa canza lambar zuwa wasu madannan, musamman ranar da wani ya bar aiki.

Tsohon makullin kuma, a'a, kada ka cire. Wannan zai raba ku da wahalar 'yan makullai da rana, amma harshensa gajere ne mai sifirin, lamba ɗaya ce a bakin mutum takwas, kuma ba ya ajiye bayanin wanda ya shiga ko yaushe. In kaya suka ɓata, ba zai nuna maka kowa ba. Bar shi ya yi aikin wuni, da yamma kuma mutum ɗaya ko biyu da ke riƙe da ɗan makulli su murɗa sakatar tsohon kafin a watse.