Amsa: A ina ya kamata bakin cajin motar lantarki ya zauna?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ina ne ya fi dacewa a sa bakin caji a jikin motar lantarki, gaba ko baya, dama ko hagu, tunda kana shirin saye kuma ka ga kowane kamfani da inda ya ajiye nasa. Na riƙe mota mai baki a hanci, daga baya na koma mai baki a baya, kuma abin da na gani shi ne: kafin ma a zo maganar gaba ko baya, bakin ya kasance a ƙarshen mota, dab da fitila. Duk wanda aka matso da shi wajen tsakiyar jiki, wahala yake jawowa.

Dalili kuwa, wurin caji ba kamar gidan mai ba ne. A gidan mai gefen famfo kake tsayawa, mintuna kaɗan ka wuce. Ita caja yawanci a ƙarshen wurin fakin take tsaye, ko dai ka shiga mata da gaba ko ka yi ribas. Kuma kebul ɗin caja mai sauri da gangan ake gajarta shi. Wasu cajojin suna ba da har kilowat 350, kebul ɗinsu kauri gare shi da nauyi, wani ma ruwa ke zagayawa a cikinsa don kada ya yi zafi. Duk tsawon da aka ƙara, an ƙara jan ƙarfe, an ƙara nauyi, ga shi zai riƙa jan ƙasa ana taka shi da taya. Don haka tazarar da ke tsakanin bakin caji da ƙarshen motarka ita ce za ta nuna ko kebul zai kai ko ba zai kai ba.

Shi ya sa ban cika son wanda ake sawa a bayan tayar gaba, kusa da ƙofar direba ba, irin na Mustang Mach-E da F-150 Lightning da Chevrolet Bolt. Na san hikimarsa: kana fitowa ga shi a gabanka, ba ka mantawa. A gida lafiya lau. A waje ne ƙofa take dukan kebul, kuma tsawon hancin mota yake cinye rabin kebul ɗin. An ga wannan ƙarara a Amurka. Tesla ta auna kebul ɗin cajojinta daidai da motocinta, waɗanda duk bakinsu yake a baya ta hagu. A 2023 Ford ta sanar cewa za ta koma irin soket ɗin Tesla, a 2024 aka buɗe wa masu motocinta waɗannan cajoji, sai ga mutane suna tsayawa a layin da ba nasu ba, mota ɗaya ta tare wurin biyu, don kawai kebul ya kai. Sabbin cajojin Tesla an tsawaita musu kebul, shi kuma kamfanin motoci na Rivian da ya zo yin motarsa R2 sai ya kai bakin baya ta hagu, alhali na R1 da ta riga ta a gaba yake.

Na hanci, irin na Nissan Leaf ta farko da ta fito a 2010, da Renault Zoe da Hyundai Kona, gaskiya ya fi kowanne sauƙi a ranar da komai yake daidai. Ka shiga kai tsaye, ka tsaya, ka jona. Babu ruwanka da ko caja tana dama ko hagu, domin baki a tsakiya yake ko kusa da tsakiya. Wanda yake jan ƙaramar tirela kuwa babu abin da ya fi masa, ba sai ya kwance ta ba. Sai dai hanci shi ke fara gamuwa da komai a hanya: ƙura, laka, ƙwari, a ƙasashen sanyi har ƙanƙara ta daskare murfin. Babban abin da ya raba ni da shi shi ne ɗan karo a cunkoso, wanda a motar fetur bamba ce kawai za ta tsage ka ci gaba da harkarka. Ni murfin bakin cajin ne ya lanƙwashe ya ƙi buɗuwa. Mota lafiyarta ƙalau, batir na raguwa, ba halin ba ta wuta sai da aka je gareji. Tun daga nan nake yi wa hanci kallon wurin da bai kamata a ajiye abu mai muhimmanci haka ba.

Na baya yana buƙatar ribas, kuma na san akwai masu ƙin ribas. Amma da kyamarar baya abin ya zo da sauƙi, sannan idan ka gama za ka fita da gaba kana ganin hanya, wanda ya fi aminci a wurin da mutane da yara ke kai-kawo. Aibinsa, idan ka ɗaura kekuna a baya ko kana jan wani abu, ba za ka iya matsawa kusa ba, kuma wani lokaci buɗe but yakan yi wuya saboda caja na tsaye a wurin.

Dama ko hagu kuwa, mai wurin ajiye mota a cikin gida ba ta dame shi sosai ba. Wanda motarsa ke kwana a bakin titi, a nan take caji, shi ne abin ya shafa. Ya kamata baki ya kasance ta gefen da masu tafiya a ƙafa suke, ba ta cikin titi ba, in ba haka ba kan caja zai leƙo inda babur da keke ke wucewa, kebul kuma ya zagaya mota. Volkswagen ID.4 da Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 ta farko nasu a baya ta dama yake, ya dace da ƙasashen da ake tuƙi ta dama kamar Jamus. A Ingila da Japan, inda ake bin hagu, na Tesla ne ya faɗo daidai. Porsche Taycan ta sa baki biyu, ɗaya kowane gefe, amma wannan ƙarin waya ne da ƙarin kuɗi, ba kowace mota za a yi wa ba. Kamfanoni ma ba don jin daɗinmu kaɗai suke zaɓa ba, suna duba inda zai ba su gajeriyar waya zuwa batir.

Da ni za a tambaya, kusurwar baya ta gefen bakin titi nake zaɓa. Kai kuma kafin ka biya kuɗi, je ka tsaya inda motar za ta riƙa kwana, tunda a nan za ta fi shan wuta. Duba inda soket yake, duba yadda kake shiga wurin, da gaba ko da baya, ka auna da igiya zuwa inda bakin motar zai tsaya. Idan ba ka riga ka kafa caja a gida ba, ka sayi mai dogon kebul, domin motar da za ka saya bayan wannan ba lallai bakinta ya zo wuri ɗaya ba. Kuma don Allah, idan kebul bai kai ba, kada ka ƙara shi da irin wayar ƙari ta cikin gida. Caji awoyi yake ɗauka yana jan wuta mai yawa, siririyar waya zafi take yi har ta narke.